Ranar da Baba ya aurar da ni da bakinsa

Saura wata huɗu a ɗaura mini aure Baba ya faɗi. Ya dawo daga sallar asuba, ya zauna a kujerarsa zai kunna rediyo kamar kullum, sai Umma ta ga rediyon ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ta yi masa magana, ya buɗe baki zai amsa, abin da ya fito ba magana ba ce, gefen bakinsa kuma ya karkace. Kusan awa shida muka yi muna masa fifita, muna tofa masa addu'a, muna cewa gajiya ce, zai warware. Sai da muka je asibiti likita ya ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, kuma hawan jinin da ya daɗe yana wasa da maganinsa ne ya jawo. Ya ce akwai allurar da ke narkar da irin wannan gudan jinin, amma sai an kawo mutum cikin awa huɗu da rabi da farawar abin. Don Allah duk wanda ya ga baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, kada ya jira kowa, ya nufi asibiti. Mu mun jira, kuma har yau abin yana cina.

Baba malamin makaranta ne, shekara 34 yana riƙe da alli. Mutum ne mai magana, irin wanda idan ya miƙe a taro kowa yake gyara zama. Ba na jin akwai ɗalibinsa da ya yi aure bai zo ya ɗauke shi ya yi masa addu'a ba. Rubutun hannunsa kuwa kamar an buga da inji. Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Uwata yake ce mini. Ko faɗa zai yi mini, da "Uwata" zai fara.

Ya yi mako uku a asibiti. Ya dawo gida da ɓarin jikinsa na dama a shanye, kuma a cikin duk kalmomin da ya yi shekara sittin da wani abu yana juyawa yadda ya ga dama, guda ɗaya tak ta rage masa: "To." Ka gaishe shi, to. Ka tambaye shi ko yana jin ciwo, to. Yana so ya kira Umma, to, to, to. "Uwata" ta tafi tare da sauran.

Kafin wannan rana ina da wani biki a kaina wanda na gama shiryawa tsaf. A wayata akwai hotuna fiye da ɗari huɗu da na tattara daga Instagram: babban ɗakin taro, fitilu masu saukowa daga sama, furanni jere har bakin ƙofa, farar riga mai jan ƙasa, hayaƙin nan da ake saki a ƙasa idan amarya za ta shigo. Ba na raina wannan burin, kuma ba na raina duk wadda take da irinsa. Yarinya tana son ranarta ta yi kyau, ba laifi ba ne. Amma da na zauna a bakin gadon Baba wani dare ina duba hotunan don in rage wa kaina damuwa, sai na ga babu ko ɗaya a ciki da ya san ni. Za a iya cire fuskar kowace amarya a sa ta wata, babu abin da zai canja. Na kashe wayar na ajiye.

An ɗaga bikin da wata shida. Da lokaci ya sake matsowa, manya suka taru a falonmu don a tsayar da magana. Baba yana gefe a kan kekensa, an rufa masa ƙafa da bargo. Ni ina tsaye a bakin ƙofa. Baffa, ƙanin Baba, mutumin kirki ne wanda ya tsaya mana tsayin daka tun ranar farko, shi ya yi bayani. Ya ce za a yi komai yadda aka tsara tun farko don kada a ce ciwo ya karya gidan. Shi zai karɓi waliccina a madadin Baba. Baba kuma zai zauna a gida da mai kula da shi, saboda hayaniya tana tayar masa da hankali, a kawo masa hotuna daga baya ya gani. Sannan ya juya ya ce, "Yaya, haka ya yi, ko?"

Baba ya ce, "To."

Kowa ya ce Alhamdulillahi, aka shafa fatiha. Amma ni daga inda nake tsaye ina ganin hannunsa na hagu. Yana dukan hannun keken da shi, a hankali, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Da aka watse ya juya fuskarsa bango, ya ƙi kallon kowa har dare. A daren nan na fara fahimtar wani abu da ya sa jikina ya yi sanyi. Wata da watanni muna tambayarsa abu yana cewa "to," muna ɗauka ya yarda. Mutumin da ba shi da wata kalma sai ta amincewa, ta yaya zai ce a'a?

Akwai wata ma'aikaciyar gyaran magana da muke kai shi wurinta sau biyu a mako, bayan an gama gashin ƙashi. Na same ta ni kaɗai na ba ta labarin hannun. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce abin da ya samu Baba afeziya ake kiransa, ɗaukewar magana sakamakon rauni a ƙwaƙwalwa, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku da suka samu shanyewar ɓarin jiki suna fama da shi. Ta ce yawancin mutane a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa cibiyar harshe take, wannan ɓangaren kuma shi ke juya gefen dama na jiki, shi ya sa hannun dama da magana suke yawan tafiya tare. Ta ba ni labarin wani likitan Faransa, Paul Broca, da ya duba wani majiyyaci a birnin Paris a 1861 wanda bakinsa bai iya furta komai sai "tan," alhali yana gane abin da ake faɗa masa. Ta ce, "Irin na Babanki ke nan. Hankalinsa yana nan, yana jin ku sarai. Ku daina magana a kansa kamar ba ya wurin."

Wannan maganar ta dake ni, don ni ma na yi. Sau nawa na tsaya a kansa ina ce wa baƙi "ai yau da sauƙi, ya ɗan yi barci," shi yana kallona?

Ta yanko kwali biyu, ta rubuta E a ɗaya, A'A a ɗaya da manyan baƙaƙe. Ta fara gwada shi da tambayoyin da an san amsarsu, don ta tabbatar ba ya rikita su. Yanzu dare ne? Ya ɗora yatsa a kan A'A. Kai malami ne? E. 'Ya'yanka goma? A'A, har da ɗan murmushi a rabin bakinsa. Sai ta koma gefe ta ce in tambaye shi abin da ya kawo ni. Na durƙusa a gabansa, na ce, "Baba, kana so Baffa ya wakilce ka ranar aurena?" Ya ɗora tafin hannunsa gaba ɗaya a kan A'A, ya danne. Na ce, "Kai kake so ka bayar da ni da kanka?" Bai taɓa kwalin ba ma. Hannuna ya kama ya riƙe, hawaye yana bin gefen fuskarsa, yana cewa to, to, to.

Da yamma na kira wanda zan aura na gaya masa komai. Na ce ina so a rushe duk shirin a sake gina shi yadda Baba zai iya zama a tsakiyarsa, kuma na san hakan zai taɓa danginsa da abokansa, in ya ga ba zai yiwu ba ya faɗa mini gaskiya. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Me Baba yake buƙata?" Bai tambayi me mutane za su ce ba, bai tambayi kuɗin da aka riga aka ba masu ɗakin taro ba. Na riga na yarda da shi tun da daɗewa, amma a wannan tambayar na san ban yi zaɓen tumun dare ba.

Tare muka je wurin malamin da zai ɗaura auren, da Baffa. Malam ya fara da wanke Baffa. Ya ce wakilci a aure halal ne babu ja, har ya kawo auren Manzon Allah (SAW) da Ummu Habiba, wanda aka ƙulla a ƙasar Habasha a gaban sarki Najjashi alhali shi yana Madina. Amma ya ce wakilci sai da izinin mai hakki, kuma waliccin uba ba ya faɗuwa don harshensa ya yi nauyi muddin hankalinsa na nan. Malaman fiƙihu sun yarda cewa wanda ba ya iya magana, ishararsa da ake fahimta tana tsayawa a matsayin furucinsa. Wato ko da kai kawai Baba ya gyaɗa, auren ya ɗauru. Baffa ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya ce, "Wallahi sauƙi na nema masa, ban san ƙwace na yi masa ba." Daga nan muka wuce gida, ya durƙusa gaban yayansa ya nemi gafara.

Sai dai Baba bai yarda da gyaɗa kai ba. Mun tambaye shi da kwalayen, ya nuna bakinsa. Da baki yake so.

Akwai abin da ya daɗe yana ba mu mamaki a ciwon nan. Mutumin da ba ya iya cewa "ruwa," idan aka tayar da salla sai ka ji Fatiha tana fita daga bakinsa tiryan-tiryan, babu tuntuɓe. Ma'aikaciyar ta ce sananne ne: abin da mutum ya haddace ya maimaita dubban lokuta, kamar addu'a, ƙirge da waƙa, ba ya bin hanya ɗaya da maganar da ake ƙirƙira a take, don haka yakan tsira. Ta ce akwai wata dabara da aka fito da ita a birnin Boston na Amurka a 1973 da ke amfani da wannan: a ɗora gajeriyar jimla a kan rauji, a rera ta a hankali, ana buga hannun hagun majiyyacin a kan kowace gaɓa, har jimlar ta zauna, sannan a riƙa janye raujin kaɗan-kaɗan. Muka zaɓi jimla mafi gajarta da Malam ya ce ta wadatar: "Na aurar maka da 'yata."

Mako bakwai muka yi a kanta. Kullum bayan la'asar wanda zan aura zai taso daga aiki ya zo, ya zauna a ƙasa a gaban keken Baba, gwiwarsa tana taɓa ƙafarsa. Ni ina gefe riƙe da hannun hagun Baba ina bugawa a kan cinyarsa. Na. Au. Rar. Makon farko ko "na" ba ta fito ba, sai to. Wata rana ya fusata ya ture kwalayen, ya rufe ido ya ƙi buɗewa har muka tashi. Wata rana kuma jimlar ta fito rabi, muka yi ta murna, washegari ta ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Na sha shiga banɗaki in buɗe famfo in yi kuka don kada ya ji. Shi kuwa wanda zan aura bai taɓa nuna gajiya ba. In Baba ya gaji, sai ya ɗauko abin yankan farce ya yanke masa, ko ya gyara masa gemu, yana ba shi labarin wurin aiki kamar abokinsa. Duk lokacin da Baba ya kai ƙarshen jimlar, ko da a karkace ne, zai amsa da cikakkiyar murya, "Na karɓa, Baba." Ina jin ya karɓi aurena ya fi sau ɗari kafin ranar.

A nan muka lura cewa maganar Baba ta fi fita da safe, kafin gajiya ta sauko masa, kuma idan mutum biyu suna magana a lokaci ɗaya, ko rediyo na kunne, komai sai ya tsaya masa cak. Wannan shi ya tsara mana ranar gaba ɗaya. Ƙarfe goma na safe. A falon gidanmu, a kujerar da ya saba. Babu lasifika. Mutum sittin, ba ƙari. Ni kuma zan zauna a ɗakin da ke jikin falon, ƙofa a buɗe, labule a sake, don in ji da kunnena.

Ba a sha da daɗi ba. Gwaggo, yayar Baba, ta zo har ɗakina ta rufe ƙofa. Ta ce, "Ke 'yar nan, aure sau nawa ake yi? 'Yar fari guda, a ɗaura miki aure a falo kamar wadda ake ɓoyewa? Mutane cewa za su yi ciwo ya cinye mu." Ban ga laifinta ba, mutuncin ƙaninta take karewa yadda ta iya. Umma ma ta damu, don shekara da shekaru tana zuwa bikin 'ya'yan mutane, yanzu nata ya zo an ce ba za ta gayyace su ba. Mahaifiyar angon ta fi kowa shiru, shirun da ya fi magana nauyi. Na gaya wa Gwaggo cewa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi aure a Madina, Annabi (SAW) bai ma sani ba sai da ya ga alamar turare a jikinsa, ya ce masa ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce. Na ce wani sahabi ma an ce ya nemo ko zoben ƙarfe ne, bai samu ba, aka aura masa matar a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani. Gwaggo ta ce, "Na san hadisin kafin a haife ki." Ta kuma tuna mini wanda ni na tsallake: Nana A'isha ta raka wata amarya gidan wani mutumin Madina, Annabi (SAW) ya tambaye ta ko ba su tafi da abin nishaɗi ba, domin mutanen Madina suna son nishaɗi. Ta ce, "Farin ciki ma addini ne."

Gaskiya ta faɗa, kuma maganarta ta gyara mana shirin. Na so in maida ranar ta zama ta jinya zalla, wannan kuma da ya zama wani zaluncin ga Umma da surukata, har da Baban kansa wanda ba ya son a tausaya masa. Sai muka raba. Safiya ta Baba ce. Washegari kuma iyaye mata su yi taronsu a fili, su gayyaci duk wanda suke so, a yi murna yadda rai yake so, mu zo mu zauna tare da su. Abin da muka yanke shi ne na ƙawa: fitilun, hayaƙin, furannin da za a zubar da dare. Angon ya taɓa karanta wani bincike da masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Emory a Amurka suka fitar a 2014, inda suka tambayi mutum fiye da 3,000. Sun ga cewa kashe kuɗi mai yawa a biki bai zo tare da daɗewar aure ba, sau da yawa ma akasin haka ne, amma auren da jama'a da yawa suka halarta ya fi daɗewa. Ban ɗauke shi hukunci ba, mutanen wata ƙasa ne da rayuwarsu, kuma zaman aure na Allah ne. Amma ya yi daidai da abin da Gwaggo take nufi da abin da ni nake nufi, duka biyun: a riƙe mutane, a saki kayan kallo.

Zaɓen mutum sittin ɗin ya fi komai wuya. Daga ƙarshe Baba muka ba wa alƙalanci. Na riƙa karanto suna, yana ɗora yatsa a kan E ko A'A. Wasu manyan da na tabbata zai zaɓa ya tsallake su. Ya zaɓi maƙwabcinmu da ya ɗauke shi a motarsa ranar da ya faɗi. Ya zaɓi wani tsohon masinjan makarantarsu da yake takowa da ƙafa duk Juma'a ya zauna kusa da shi awa guda ba tare da ya dame shi da tambaya ba. Ya zaɓi dattijuwar da take share ɗakin da ya kwanta a asibiti, wadda kullum take gaishe shi da "Malam" tana jiran amsarsa kamar za ta zo. Sai da muka yi kwana biyu muna nemanta. Da na ga jerin sunayen sai na tuna hadisin Abu Huraira da ke cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa. Baba bai iya faɗar hadisin ba a lokacin, da yatsa ya yi aiki da shi.

Katin gayyatar ni na rubuta su da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da layi ɗaya da ke faɗa wa mutumin dalilin da ya sa muke so ya zo. Baba ya nuna yana so ya sa hannu. Na sa masa biro a hannun hagu, na danne masa takardar. Mai rubutun nan da ake kawo wa takardun shaida ya rubuta sunaye saboda kyan hannunsa, yanzu harafin farko na sunansa kawai yake ja, yana rawa kamar na ɗan aji ɗaya. Uku ko huɗu yake yi a rana ya gaji. Kusan mako uku ya ɗauka, bai bar ko ɗaya ba.

Farar rigar ma na bar ta. Dama na karanta cewa Sarauniya Biktoriya ta Ingila ce ta sa farar riga a aurenta a 1840, daga nan abin ya bazu har ya zama kamar dole. Ba ni da rigima da ita, tana da kyau. Amma Umma ta buɗe akwatinta ta ciro mayafin da ta rufa ranar nata auren, ya ɗan koɗe, akwai wurin da ta ɗinke da zare wanda launinsa bai dace ba. Na yafa na shiga wurin Baba in ga ko zai gane. Ya kalle ni, ya kalli Umma, ya daɗe yana kallonta. Umma ta juya ta fita da sauri.

Ranar ta zo. Tun asuba ƙanena ya yi masa wanka, Baffa da kansa ya sa masa riga ya gyara masa hula, ya ɗauki hannun daman ya ɗora masa a kan cinya yadda zai zauna da kyau. Ya ƙi keken, ya nuna kujerarsa, aka ɗaga shi aka zaunar. Mun roƙi kowa ya kashe waya ya sa a aljihu. Mai hoto ɗaya ne, mun ce masa kada ya ce wa kowa ya tsaya ko ya matsa, ya ɗauki abin da ya gani kawai. Ina bayan labule, Umma a damana, Gwaggo a haguna, surukata a bayana ta dafa kafaɗata.

Malam ya yi huɗuba gajeriya, ya karanta aya ta 21 a Suratur Rum, wadda ke cewa Allah ya halitta muku mata daga jinsinku don ku natsu zuwa gare su, ya sanya ƙauna da jinƙai a tsakaninku. Aka ambaci sadaki, shaidu suka ji. Sannan ya ce, "Malam, bismillah."

Ta gefen labulen ina hango hannunsa na hagu ya fara bugun cinyarsa. "Na," ya ce. Ya sake bugawa. "Na au..." Sai ta tsaya. Ya ja numfashi ya sake farawa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. "To," ya ce, "to." Zuciyata ta yanke. Falon ya yi tsit, mutum sittin, ko tari babu. Daga baya mai hoton ya ce mini shirun bai kai minti biyu ba, ni dai a wurina ya fi haka nesa. Abin da ba zan manta ba shi ne babu wanda ya yi yunƙurin ƙarasa masa. Baffa yana kusa da shi, na ga leɓensa yana motsi, amma ya danne. Angon yana durƙushe a gabansa kamar kowace la'asar, ya miƙa hannu ya riƙe na Baba.

Baba ya daina bugun. Ya juyo da kansa wajen labulen da nake, ya saki jimlar da muka yi mako bakwai muna koya, ya ce da wata murya da ban ji ba tun kafin ya faɗi:

"Na ba ka Uwata."

Gwaggo ta toshe bakinta da gefen mayafi. Ni ban san lokacin da na zame daga bakin gado na durƙusa a ƙasa ba. Wata goma ban ji wannan sunan ba, na riga na haƙura da shi. Malam, da yake aikinsa ne ya tabbatar, ya ambaci cikakken sunana ya ce, "Ita kake nufi, 'yarka ta fari?" Baba ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya ce, "Ita." Angon ya ce, "Na karɓa, Baba," muryarsa tana rawa, karo na farko da na ji ta yi rawa.

Malam ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai Baba ya riga shi. Addu'ar nan da Annabi (SAW) yake yi wa wanda ya yi aure, wadda Baba ya yi wa ɗaruruwan ɗalibansa, ita ce ta taso da kanta: "Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair." Daga farko har ƙarshe, babu inda ta sarƙe. Ba mu taɓa gwada ta da shi ba, ko a ranmu ba ta zo ba. Amin ɗin da falon ya amsa, rabinta kuka ne. Tsohon masinjan nan ya rufe fuska da hularsa.

Ba komai ne ya tafi daidai ba, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai ƙawata ta tun ƙuruciya da na bari a taron washegari, ina ganin za ta fahimta ba sai na yi mata bayani ba. Ba ta fahimta ba, kuma tana da gaskiya, hakkinta ne in je in zauna in gaya mata da bakina. Sai da na yi kusan shekara ina bin ta kafin ta sake. Akwai dangin da har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Baba kuma ya biya kuɗin wannan safiyar da jikinsa, kwana biyu ya yi yana barci, taron iyaye mata ma bai san an yi ba. Shi ma taron ya yi kyau, Umma ta yi dariyar da na daɗe ban gani ba, surukata ta rungume ni a gaban ƙawayenta ta ce, "Wannan 'yata ce."

Yanzu shekara uku ke nan. Maganar Baba ta ƙaru, yana haɗa kalma uku ko huɗu in yana cikin natsuwa, hannun dai bai dawo ba. "Uwata" tana zuwa tana tafiya, wata rana ta fito, wata rana ya neme ta ya rasa, sai ya nuna ni da yatsa ya dafa ƙirjinsa. Kwanakin baya na je gaishe da dattijuwar nan ta asibiti da ba ta da lafiya, na tarar da katinmu a soke jikin madubinta, harafin Baba yana nan a ƙasa a karkace.

Da daren da zan bar gida, na shiga yi masa sallama. An riga an kwantar da shi, fitila ɗaya ce a kunne. Na durƙusa a bakin gadon na ce, "Baba, zan tafi. Ka yafe mini." Ya ɗora hannun hagunsa a kaina, a kan mayafin Umma, ya daɗe bai ɗauke ba. Na ga yana neman wata magana, bakinsa yana motsi, gajiyar ranar ta riga ta kwashe komai. Na ce masa kada ya wahalar da kansa, na ji wadda ya faɗa da safe. Ya share mini hawaye da babban yatsansa, ya tura kafaɗata a hankali wajen ƙofa, inda ake jirana.

"To," ya ce.